Fiyanon Hawa Dandamali: Yadda Kalangu Ya Yanke Mana Hukunci

Saura 'yan kwanaki a kama azumin 2024 tsohon fiyanonmu ya mutu a hannunmu, ana tsakiyar wunin biki a wani ƙauye bayan Bichi. Lokacin ne kuwa aiki ya fi yawa, don kowa na son ya kai 'yarsa ɗaki kafin a ga wata. Janaretan masu biki ya yi tari sau biyu, ƙwayayen wuta suka yi haske fiye da kima, sai allon fiyanon ya ɗauke. Muka kashe muka kunna, shiru. Adafta ta yi zafin da ba ta taɓuwa, ga warin ƙonewar roba. Abin da ya fid da mu kunya a daren nan kalangu ne. Baba mai kalangunmu ya gyara rataya ya ci gaba da kiɗa, mawaƙi ya bi shi da baka, mata suka ci gaba da rawarsu kamar ba abin da ya faru. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, hankalina yana kan asarar da muka tafka.

Mu shida ne a tafiyar. Akwai mawaƙi, wanda muke kira Maigida, da 'yan amshi mata biyu, da Baba, da ƙanena mai kaɗa fiyano, sai ni da ke kula da kayan sauti da lissafin kuɗi. Ba mu da mota. In aikin cikin Kano ne adaidaita sahu muke tara, tun da an hana acaɓa a 2013, in kuma na waje ne mu ɗauki shatar mota. Yawancin aikinmu kamu ne da wuni da dina, jefi-jefi walimar suna. Mai gyara da ya buɗe fiyanon ya ce laifinmu ne: adaftar asali ta ɓace tun bara, muka sayi mai araha a bakin titi muka maye gurbinta, ita ce ta kasa tare wutar da ta hauhawa. Araha ba ta ado. Allon ciki ya ƙone, gyaransa kuma ya kusa kuɗin wani fiyanon na hannu. Muka gama ayyukan da suka rage da na haya, muka ce in azumi ya kama, da yake ba biki, sai mu zauna mu yanke abin da za mu saya.

A nan Kano duk abin da ke da fararen madannai da baƙaƙe sunansa fiyano, amma abubuwa biyu ne daban, kuma rashin rarrabe su shi ya ci mana rabin azumin muna jayayya. Akwai wanda masu sana'ar ke kira aranja, irin jerin PSR na kamfanin Yamaha, wanda tun shekarun 1990 shi ne ƙashin bayan kiɗan finafinan Hausa. Aranja tana ɗauke da kiɗa shiryayye da ake cewa sitayil: ka danna da hannun hagu, ganga da bes da sauran rakiya su tashi da kansu suna bin ka. Mutum ɗaya sai ya zama ƙungiya. Sannan akwai sintisaiza, wadda aikinta ƙirƙirar sauti da sarrafa shi. Ba a gina ta don ta yi maka rakiya ba, an gina ta ne don ka murɗa sautin yadda kake so, ka kaurara shi ko ka sirantar, ka haɗa biyu su zama ɗaya. Ita tana jiran makaɗi ne a cikin makaɗa.

Kowa da abin da yake so. Maigida aranja yake so, don ita ya saba da ita, ita kuma yake gani a hannun abokan sana'arsa. Ƙanena kuwa idonsa ya riga ya buɗe da bidiyoyin intanet, yana son 'yar ƙaramar sintisaiza da zai saƙala a jaka. Ni abu biyu ne a gabana: kada wutar janareta ta sake ci mana dukiya, kuma kada mu sayi abin da sai an yi dabara kafin ya shiga adaidaita. Ga tsada, don tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, mai shago yakan duba farashin dala a wayarsa kafin ya ba ka amsa. Baba bai ce komai ba a zaman da muka yi ta yi bayan asham. Sai daga baya na gane dalili.

Muka yarda a kan abu ɗaya: ba za mu sayi abin da ba mu hau dandamali da shi ba. Gani ya kori ji. Bayan ƙaramar Sallah muka nemi aro da haya.

Na farko 'yar sintisaiza microKORG ce, muka aro wurin wani abokin ƙanena mai sutudiyo a titin gidan zu. Wannan na'ura ta fito tun 2002, nauyinta kilo biyu da 'yan kai, tana aiki da ƙananan batura shida, madannanta 37 ne kuma 'yan firit. In sauƙin ɗauka kaɗai ake nema, an gama magana. Sautinta kuma akwai kauri, musamman bes. Da ƙanena ya ja wani siririn sauti yana lanƙwasa shi, sai ka rantse algaita ce daga nesa. Ba abin mamaki ba ne, don algaita da sarewa murya ɗaya suke fitarwa a lokaci guda, haka ma tsoffin sintisaiza irin Minimoog na 1970 suke. Matsalar ta fito ne da ya zo yin rakiya. Murya huɗu kacal na'urar ke iya fitarwa tare, in ka haɗa sauti biyu kuma su koma biyu. Ya danna uku da hagu, ya ɗora waƙa da dama, sai ta riƙa yanke na farko don ta ba na baya wuri. Yatsunsa kuma suna ta cin karo a kan ƙananan madannan. A wani ɗan kamu muka gwada ta, kafin a raba abinci ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ta ƙari ce, ba ta riƙe gida ba." Maganar sintisaizar Reface na Yamaha, da suka fito a 2015 da irin waɗannan ƙananan madannai 37, ita ma a nan ta tsaya.

Na biyu fiyanon aranja ne, PSR-SX600, na haya, muka je da shi wata dina a ɗakin taro. Wannan gida ne ga ƙanena. Madannai 61 cikakku, lasifika a jikinsa, ga maɓallai takwas na ajiye shiri, kowace waƙa da nata, danna ɗaya ya isa. Sitayil ɗin da ke zuwa daga kamfani yawanci ba namu ba ne, amma makaɗan Kano sun daɗe suna gina nasu suna musaya a filashi, don haka muka samu masu kama da kiɗan gida. Nauyinsa kilo takwas da ɗoriya, ba ya aiki da batir, sai adafta. Maigida ya ji daɗi a waƙa uku na farko. Sauti ya cika ɗaki, an ji kamar kaset.

Sai aka zo wurin liƙi, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ake ɗauko mawaƙi maimakon a sa DJ ya kunna filashi. Uwar amarya ta fito fili da ƙawayenta. A nan Maigida yakan bar rubutacciyar waƙa ya shiga ambato: 'yar wane, jikar wane, ta gidan wane. Yakan ja baiti in hannu yana fita, ya datse in ya ga an fara ja da baya, wani lokaci ya tsaya cak ya yi kirari da baka, sannan ya faɗo cikin kiɗan ba tare da ya ƙirga komai ba. Baba ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Kafaɗar Maigida kawai yake kallo. In an ambaci suna sai ya matse tsarkiya a hammata, kalangun ya maimaita sunan da muryarsa, mai sunan ta ji ta ƙara zuba kuɗi. Injin kiɗa ba ya kallon kafaɗar kowa. Yana tafiya a kan mizaninsa, in ka tsai da shi ka sake tashinsa daga farkon zagaye yake farawa. Ƙanena yana ta fama da maɓallan tsayawa da na cike giɓi, amma kullum sai ya makara da rabin taki, Maigida ya koma shi ke bin inji. Baba kuwa ya yi ƙoƙarin shiga tsakani, gangar injin ta danne shi, daga ƙarshe ya ajiye makaɗinsa a cinya ya zauna yana kallo.

A hanyar komawa ya yi maganar da bai yi ba duk azumin. Ya ce wa Maigida, "Ɗana, in wannan za ku saya, ku faɗa mini tun yanzu in nemi wata tafiyar. Ganga biyu ba sa zama a fili ɗaya." Ba da fushi ya faɗa ba. Lissafin kuwa kowa ya san shi ko da ba a furta ba: in aka cire kason Baba daga kowane biki, aranja za ta biya kuɗinta da kanta cikin 'yan watanni. Ƙungiyoyi da yawa hanyar da suka bi ke nan, kuma ban ga laifinsu ba. Mawaƙin da ke rera waƙoƙin sutudiyo yadda aka naɗe su, ko wanda ke fita shi da mai fiyano su biyu, aranja ce maganinsa, babu tantama. Amma na duba littafina: liƙin daren nan bai kai na bukukuwa masu kama da shi ba. Dare ɗaya ba hujja ba ne, na sani, sai dai Maigida da kansa ya ce bai taɓa jin an ɗaure masa harshe irin na ranar ba.

Daga nan tambayar ta sauya. Ba wane fiyano ya fi daɗin sauti muke nema ba, wa zai riƙe kiɗa muke tambaya, mutum ko inji. Da muka ce mutum, sai zaɓin ya tsuke ya koma kan sintisaiza mai madannai 61 cikakku, marar nauyi, mai aiki da batir. Uku muka duba. MX61 na Yamaha kilo 4.8 ne, sautukansa daga manyan fiyanon kamfanin, jerin Motif, aka ɗebo su, amma ba ya ɗaukar batir, don haka muka ajiye shi. Kross 2 na Korg, wanda ya fito a 2017, shi ya fi sauƙin ɗauka, kilo 3.8, batura shida. A takarda shi na fi so, sai dai ba mu samu wanda za mu taɓa da hannu ba a lokacin, mu kuwa mun riga mun yi alkawari. Na uku JUNO-DS61 na Roland, fitowar 2015, kilo 5.3, batura takwas masu caji, murya 128 a lokaci guda. Wani mai kiɗa a coci a Sabon Gari ya ba mu haya na kwana biyu.

Adadin nan na 128 kada ya ruɗi mai saye. Sauti ɗaya na iya cin murya biyu ko huɗu a kowane danni, in ka jera sauti biyu a kan juna ka kuma taka fedar riƙe sauti, lissafin sai ya yi ta raguwa. Amma ga irin aikinmu ya isa har da saura.

A wani wuni a tsakar gida muka gwada shi, cikin zafin watan Mayu. Ƙanena ya raba madannan biyu, bes a hagu, sauti mai kama da sarewa a dama, Baba ya riƙe kiɗa shi kaɗai. Abu na farko da ya ba shi wuya sandar lanƙwasa sauti ce. A Yamaha ya saba da faifan da ake murzawa sama da ƙasa, a Roland kuwa sanda ce da ake turawa hagu da dama. Rabin awa yana zarcewa. Na biyu sauya tsayin murya. Ƙanena, kamar yawancin waɗanda suka koya da kunne, a kan baƙaƙen madannai ya fi kiɗa, don su biyar ɗin nan su ne ma'aunin da yawancin waƙoƙinmu ke tafiya a kai. In muryar Maigida ta fara dushewa bayan awa biyu, ba ya sauya yatsu, fiyanon yake saukarwa da rabin taki. A nan sai ya riƙe maɓalli ɗaya ya danna wani, wato hannu ya bar kiɗa na ɗan lokaci. Ƙaramin abu ne, amma wanda zai sayi fiyanon dandamali ya gwada wannan kafin ya saurari sauti ɗari. Duk abin da za ka buƙata a tsakiyar waƙa, in sai ka shiga cikin allo ka lalubo shi, to kamar babu shi ne.

Da aka ɗauke wuta ana jiran a ta da janareta, manyan lasifiku sun mutu, fiyano bai ko ƙifta ba. Na cire wayarsa na soka a 'yar lasifikar caji mai taya da muke yawo da ita, kiɗa bai yanke ba. Wannan ya gama da ni. Wata riba da ban yi zato ba: gurnanin nan da ke fita a lasifika in an jona komai a wuta ɗaya ya ragu sosai, tun da fiyanon ba shi da alaƙa da janareta sam. Saura na magance shi da gajeriyar waya zuwa ƙaramin akwatin da ake kira DI, daga nan doguwar waya mai baki uku ta tafi miksa. Cikin ramukan fitar sauti biyu, na lasifikar hagu da ta dama, ɗaya muke amfani da shi, wanda aka rubuta L/MONO, don a tsakar gida ba wanda ke zaune daidai tsakiyar lasifiku biyu.

JUNO ɗin muka saya, na hannu, daga wani ɗan kasuwa da ke ɗauko kaya a Alaba ta Legas. Na yi awa guda a shagonsa da abin sawa a kunne. Na bi madannai 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, don in ƙura ta shiga ƙarƙashin robar da ke ƙasansu sai ka ji wani ya yi shiru, wani kuma ya yi tsawa ko da shafa shi ka yi. Na girgiza kowace waya a raminta ina sauraron ƙarar karce. Na tura sandar na sake ta in ga ko tana komawa tsakiya. Na buɗe gidan batir ina neman farin gishirin da tsohon batir ke bari. Mai shago ya gaji ya ce, "Malam, ko auren ta za ka yi?" Na ce kusan haka ne. Sannan na ƙi karɓa sai da adaftar asali. Wannan darasi da kuɗi muka saye shi: adaftar wannan Roland bolt 9 ce, tsakiyar bakinta negatib, ta SX600 kuwa bolt 16 ce, tsakiyarta fozitib. Bakin na iya kama da juna, amma in aka musanya su a cikin duhun bayan dandamali, sai dai a yi ta'aziyya. Na naɗa jan salatif a tamu na rubuta suna.

Ba a rasa abin da muka yi asara ba. Fiyanon ba shi da lasifika a jikinsa, ƙanena ya daina jin kansa in manyan lasifiku suna fuskantar jama'a, dole muka ƙara sayen ƙarama da za a ajiye a gabansa. Kilo ukun da muka rage a fiyano sun dawo ta wannan ƙofa, har da riba. Sai batura jeri biyu da abin cajinsu, jeri ɗaya a ciki, ɗaya a aljihuna, don jeri guda awa huɗu zuwa biyar yake yi, wuninmu kuwa yakan zarce haka. Bukukuwa biyu na farko Maigida ya yi ta ƙorafin sautin ya yi fayau, babu cikar da ya saba ji. Gaskiyarsa ce. Hannun hagun ƙanena ya yi shekaru yana danna uku yana hutawa, yanzu shi ne mai bes, sai da ya yi wata biyu yana atisaye kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya fi jin daɗinsa shi ne na'urar tana karɓar sautin da ka naɗa da kanka ta filashi, ta shimfiɗa shi a kan madannai. Ya sami wani mai sarewa ya busa masa dogon sauti a sutudiyo. In bai yi nisa da inda aka naɗa ba yana da daɗi, in ya hau sama sosai sai ya koma kamar kukan tsako, in ya sauka ya koma kamar busa a cikin tulu. Ya so ya yi wa kalangu haka, Baba ya yarda ya buga masa, amma abin da ya fito ƙwanƙwasa ce kawai, don maganar kalangu a matsin hammata take, ba a bugun ba.

Da hunturu ya shigo muka koyi wani abu. Fatar kalangu takan ɗaure a busasshiyar iska muryarsa ta hau, da damina kuma ta saki. Fiyano kuwa tsayin muryarsa yana nan daram ba ya motsi. Yanzu kafin a fara sai Baba ya buga sakakkiyar muryarsa, ƙanena ya saurara ya ɗan matsa saitin fiyanon gaba ɗaya sama ko ƙasa har su daidaita. Ƙura kuwa, tsohon zanen gado muke lulluɓa masa da zarar an ɗaga hannu, ko da hutun sallah ne.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Baba a watan Disamba, muka fita da kiɗan ganga da aka naɗa, ƙanena yana tashinsa da maɓallan roba takwas da ke gefen dama. An yi biki an tashi lafiya, amma Maigida bai yi ambato ko rabin yadda ya saba ba, kuma da aranja ce a hannunmu a daren da ta fi mana sauƙi. Baba ya warke ya dawo, sai dai ya haura sittin, tsayuwar awa huɗu ta fara yi masa nauyi, ɗansa da muka sa rai zai gaje shi kuma gyaran waya ya koya a Farm Centre. Makon jiya Maigida ya ja ni gefe bayan mun sauke kaya, ya ce in riƙa leƙa farashin aranja lokaci-lokaci, amma kada in bari Baba ya ji.